Shekarar da zarton Baba ya ƙi ci

Duk sanda na bi ta wajen masu katako a Jega na ji ƙaurin icen da zarto ya ƙona, sai gabana ya faɗi, ko da yake abin ya faru tun ban iya ɗaura zani da kyau ba.

Kakana masassaƙi ne a garinmu Katanga, kusa da Jega, da gizago ya riƙe gidanmu. Babana ya gaji sana'ar amma bai gaji haƙurin ba. Wata shekara bayan an kwashe albasa, ya sayar da bijimin nomansa ya sayo injin zarto, irin mai faifai da ake kafawa a kan tebur, ya girke shi a rumfar bayan gida. Kaka ya ci gaba da gizagonsa. Ko kallon rumfar ba ya yi.

To, ga inji, ga aiki manoman Aliero sun kawo na katakon rumfunan ajiye albasa, amma zarto ya ce bai san zancen ba. Da an tura gungumen icen dogon yaro sai ya fara ci lafiya lau, yana kai tsakiya sai kukansa ya canja, hayaƙi ya tashi, faifan ya cije. Wata rana ma icen ya yi tsalle baya ya daki Baba a ƙirji, ya kwana biyu yana numfashi da kyar.

Ka san mutanenmu. Nan da nan aka yanke hukunci cewa masu zarton hannu ne suka ɗaure wa injin baki saboda hassada. Gwaggona ta karɓo rubutu aka yayyafa wa inji, aka rataya masa laya kamar jinjiri. Injin ya sha rubutu ya ƙoshi, ya ci gaba da cijewa.

Sai na ji Baba yana gaya wa Inna cewa in kasuwar Jega ta zagayo abin bai gyaru ba, zai mayar da shi ya tafi kudu cirani. Na san abin da wannan ke nufi, don baban ƙawata ya tafi haka, ya shekara uku ba a gan shi ba. Tuwo ma ya daina shiga bakina. Na je na zauna kusa da Kaka a zaure ina kuka, na gaya masa.

Washegari da hantsi, Baba na gwajin ƙarshe, sai ga tsohon da sandarsa. Ya tsaya ya karkata kunne har faifan ya cije, sannan ya duƙa ya shafa inda aka tsaga.

"Ba wanda yaɗ ɗaure shi," in ji shi. "Iccen ga ɗanye na. Kana buɗe mai baki gaba, shina ruhewa baya."

Ya fiƙe wani guntun ice da wuƙarsa, ya ce a cusa a tsagar bayan faifan ya wuce. Ya sa aka kashe inji aka wanke ƙaron da ya daskare a haƙoran faifan da kananzir, ya nuna wa Baba yadda zai ɗan karkatar da su, wannan dama wancan hagu, kamar yadda ake yi wa zarton hannu. Da aka tayar, gungumen ya rabu biyu kamar an yanka kabewa.

Baba ya durƙusa. "Allah shi ƙara girma, Abba."

"Tashi ka yi aikinka," kawai ya ce, ya juya.

Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba. Na zaga gida gida ina ba da labari har Inna ta aiko a kamo ni. Baba bai je kudu ba, a shekarar ko bayanta.

Har Kaka ya koma ga Allah bai kira injin da sunansa ba, sai dai "abin hayaniyar can". Amma kowace safiya za ka tarar da ƙwarya a ƙofar zaure cike da 'yan guntayen da ya fiƙe.

Yanzu ƙannena ke riƙe da aikin a Jega. Busasshen katako suke saye daga kudu, injinsu kuma yana da ƙarfen da ke riƙe tsagar a buɗe da kansa. Baba ya tsufa, amma kullum yana zaure yana fiƙe guntaye. Ƙannen nawa ba su da abin yi da su. Duk da haka ba sa fita sai sun durƙusa sun karɓa.