Warin Asibiti a Rijiyar Tsoho

Shekarar da na gama sakandare ruwa ya yi yawa a Wudil. Kogi ya cika ya tumbatsa ya shiga gonaki, bayansa amai da gudawa ya shigo gari. Ina zaune a gida ina jiran sakamakon jarrabawa, ba aikin fari ba na baƙi, kowa da komai haushi yake ba ni.

Muna da rijiya a gefen tsakar gida. Kakana ne ya haƙa ta tun kafin a haifi babana, kuma matan layinmu duk a nan suke ɗiba. Babana direba ne, ya fi kwana a hanya, saboda haka gidan a hannun Tsoho yake. Haka nake kiran kakan nawa, shi kuma ya ce min amarya. Ni kaɗai ce nake gaya masa magana son raina in kwana lafiya.

Wata safiya yana gona ma'aikatan lafiya suka yi sallama. Shugabarsu wata doguwar mata ce mai takalmin roba, da maza biyu ɗauke da bokiti. Ta ce wa Ummata doka ce, duk rijiyar da maƙwabta ke sha sai an zuba mata magani, kuma za su dawo su gwada. Suka dama wani farin gari suka tuttula, suka wuce gidan gaba.

Tsoho ya dawo dab da la'asar. Na cika masa buta. Ya tsiyaya a tafin hannu, ya kai hanci, ya tsaya.

"Amarya, me kika zubo min?"

"Ruwa. Ko fura kake so ka yi alwala da ita?"

"Wannan warin asibitin fa?"

Na gaya masa. Ya ajiye butar a hankali, ya ce tun yana yaro aka karantar da shi cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya sauya ba a alwala da shi. Na ce ƙwayar cuta yake kashewa, a makaranta ma an koya mana.

"Ƙwayar cutar kin taɓa ganinta?"

"A'a."

"To ni na ji warin."

Da ruwan saman da muka tara a duro ya yi alwala ranar. Washegari ya kira masu yasar rijiya, kamar yadda ya yi lokacin da kaza ta faɗa ta mutu a ciki. Suka yini suna jan guga suna kwararwa a kwata, har suka taɓo laka. Ina daga taga ina cewa maganin gwamnati ne fa kuke zubarwa, Umma tana ja min zani tana cewa in rufe bakina, maza na tsakar gida. Da sabon ruwa ya tsattsafo ya kwanta, Tsoho ya ɗanɗana ya yi hamdala.

Malamar nan mai takalmin roba ta dawo kamar yadda ta ce. Ta ɗebi ruwa a 'yar kwalba, ta jefa wata ƙwaya, ta girgiza tana jira ya yi ja, alamar akwai magani a ciki. Ruwa ya tsaya fari tas. Ta dubi lakar da aka tara a gindin katanga, ta dubi Tsoho.

"Baba, yashe ta kuka yi?"

"Na yashe ta, 'yata."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a bayan layinmu an kwantar da yara, kuma abu biyu ne: ko a sake zubawa a bar shi, ko su sa wa rijiyar kwaɗo sai cutar ta wuce. Ta ce ko ta masallaci an zuba, liman bai ce komai ba.

"Liman sa'an ɗan cikina ne," in ji Tsoho.

Na san wanda zai ɗauki ruwa in aka rufe. Ba Tsoho ba ne, ba kuma Umma ba da ba ta fita. Na ce, "Malama ku zuba, ni zan tsare ta."

"Gidan naki ne, amarya?" Ya juya wajen matar. "Ban hana hukuma aikinta ba. Amma ba zan zauna ina kallo matan unguwa suna sallah da ruwan da na san ba ya alwala, kuma daga rijiyata ba. Alhakin a wuyana yake. Ku rufe."

Akwai murfin ƙarfe da babana ya sa saboda yara. Suka ja shi, suka ɗana kwaɗo, suka shafa jan fenti. Malamar ta jefa mukullin a jaka.

Daga nan rayuwata ta koma bakin burtsatsen gwamnati da ke bayan kasuwa. Da hasken rana yake aiki, in hadari ya haɗu sai famfon ya riƙa ɗiga kamar hawaye. 'Yan garuwa su zo da kura cike da jarkoki su tare gaba, ki yi magana su ce sana'arsu ce. Na yi faɗa da su, na yi da mai kula da tankin, na yi da wata maƙwabciyarmu da ta ce kakana ya ja wa kowa wahala. Gaskiya ta faɗa, amma ni kaɗai ke da ikon faɗar ta. In na dawo wuyana ya sage, in sauke jarka in ji Umma ta ce randa ba ta cika ba.

Abin da ya fi ci min rai, ruwan tankin ma warin nan yake yi. Wani lokaci har ya fi na rijiyar. Na cika wa Tsoho buta da shi na tsaya a kansa. Ya tsiyaya, hannunsa ya ɗan tsaya a hanya, sannan ya yi bisimilla ya kurkure baki.

"Tsoho, ba ka ji komai ba?"

"Mura nake yi."

"Murar da ba tari ba majina?"

"Ban ga an zuba ba, ban tambaya ba. Ke ma kada ki gaya min. Matsa min daga haske."

Cutar ta lafa wajen lokacin kaka, amma kwaɗo yana nan. Na fara sintiri ofishinsu. Yau malamar ta fita ƙauye, gobe tana taro, jibi a ce in dawo. Na zauna a benci har masinja ya san ni, yana ce min uwar rijiya. Ran da na ritsa ta a bakin ƙofa tana shirin hawa babur, na riƙe jakarta na ce yau ƙafata ƙafarta. Ta yi dariya ta ce in saki, za ta zo, amma in sani ba a buɗe rijiyar da ta daɗe a rufe sai an zuba magani. Na ce ta zo da buhu guda ma.

Ban gaya wa Tsoho ba. Da suka yi sallama yana zaune a tabarma yana gyaran fartanya. Ya ga mukulli a hannun malamar, ya ga bokitin a hannun na bayanta. Na buɗe baki, Umma ta take min ƙafa. Ya daɗe yana kallon bokitin. Can ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ɗauki hula.

"Bari in je wajen wanzami, sumar nan ta dame ni."

Kansa kuwa fes yake, shekaranjiya aka aske shi. Yana fita suka buɗe kwaɗon suka tuttula. Malamar ta ce a jira zuwa azahar. Ban zauna ba, na yi ta zagaya bakin rijiyar da guga a hannu, matan layi suna leƙowa suna tambaya ko lokaci ya yi.