Gitar Illa da Man Shanun Kaka

Ranar da gita ta shigo hannuna, mu biyar ne a tsakar gida: Baba, zaune bisa buzu yana gyaran ƙotar hauya, Inna tana sheƙar hatsi, Kaka Cima, mahaifiyar Baba, ta miƙe ƙafafu bakin ɗakinta tana kaɗin auduga, wana Illa, da jaka a kafaɗa, sai ni, Zali, ban gama hankali ba amma na fara zuwa rijiya ni kaɗai. Ranar Laraba ce da hantsi, bayan an gama zuba damman hatsi a rumbu, shekarar da anka gina rijiyar siminti a ƙauyenmu na ƙasar Buza. Masu boko sun ce 1979 ke nan. Ni dai da rijiyar nake lissafi.

Daga Abija, can bakin teku, Illa ya zo da ita, wani zuwanshi cin rani. Ja ce, mai sheƙi, da dogon wuya da rami a ciki, da tsirkiya shida na ƙarfe. Tun ranar da Baba ya fara ganinta ya yanke magana: “Gidan ga hauya munka gada, ba kiɗi ba. Makaɗa suna da gidansu.” Don haka a bayan gari Illa yake kaɗa ta, gindin wani gawo, shi da tsararrakinshi, ni kuwa in kora awaki can kamar kiwo ya kai ni. To wannan karon arewa ya nufa, Libiya, a bayan kamiyo, babbar motar kaya, inda ake cusa mutane kamar buhunan albasa. Ya san gita ba ta kai.

Bai ba Inna ba, bai ba abokanshi ba. Ni ya kira. Ya ce ni ce in na ba da aron allura sai na bi sawu. Ya durƙusa ya nuna mini yadda ake murɗa kunnuwan nan na bisa wuya, a sassauta tsirkiya don kada ja ya lanƙwasa iccen. Kada in jingina ta ga bango, saboda gara. Kada rana ta gan ta, kada ruwa ya taɓa ta. In riƙa share ta da busasshen tsumma, tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. Baba bai ɗago kai daga ƙotarshi ba, ya ce: “Ranar da tak kawo mini gara ko ɓera cikin ɗaki, murhu za ta.” Baba kuwa ba ya faɗin magana sau biyu.

A ɗakin Kaka nake kwana, can na rataye ta. Na sauke ƙwaryar da ke cikin ragaya, na ɗaura wuyan gita ga igiyar, tana lilo tsakanin rufi da ƙasa, ba ta taɓa komai. Kaka ta sa mata suna Mai Dogon Wuya, kullum da safe sai ta gaishe ta, ta tambaye ta ko mijin nata ya aiko, don Illa jika ne, mijin Kaka na wasa. Ni kuwa kafin in ɗauki tulu, kafin surfe da daka, sai na naɗe tsohon kallabin Inna a yatsa na bi ta lungu-lungu. Da damina, in ɗaki ya fara yoyo, ita nake fara kaudawa kafin tabarmata. Da na ga tsatsa ta fara cin tsirkiya, na je wurin telan garinmu na roƙi ɗigon man keken ɗinki a cikin murfin kwalba, na shafa da bakin tsumma yadda na taɓa ganin Illa yana yi.

Ba a sa ni lakkwal ba, wato makarantar boko, amma ƴan lakkwal sun san ƙofarmu. In an tashe su, sai su biyo da allunansu a hammata, wannan da magarya, wancan da aduwa, wai in bari su taɓa sau ɗaya. In ce musu ido kaɗai, kuma daga bakin ƙofa. Ko a dandali muna gaɗa, in na tuna ban ja asabari ba, sai in bar waƙa a tsakiya in ruga gida. Ƙawayena har sunka riƙa kirana uwar gita. Ban damu ba.

Bazara ta biyu ce ta kawo abin. Zafin shekarar nan, duwatsun bayan gari kamar an fiddo su daga maƙera. Wata safiya ina shara sai yatsana ya ji wani siririn tsagu a bayanta, ita gitar, bai fi tsawon allura ba. Na nuna wa Kaka. Ta shafa, ta girgiza kai, ta ce: “Ƙishi taka ji. Icce in ya bushe, man shanu aka ba shi.” Ta nuna mini akushinta, wanda tun aurenta take shafe shi da mai, baƙi wul, bai taɓa tsagewa ba. Na ce a'a, Illa bai ce ba. Ta koma ga kaɗin audugarta, na ɗauka magana ta ƙare.

Ranar da rijiyar gari ta janye, sai da munka gangara kwari da jaki, ga layin mata ba iyaka. Azahar na dawo. Ina ɗaga asabari na ga gita tana ƙyalli kamar goshin amarya, daga kunne har gindi, har cikin ramin inda hannu ya iya kai. Kaka na zaune ƙarƙashinta tana murmushi. Ɗan man da ta saya a kwalba wurin Fulani, a lokacin da nonon shanu ya ƙafe, wanda take lakata kaɗan-kaɗan ta sa a tuwo, shi ta juye duka a kan kayan jikanta. Ba a yi wa kaka tsawa. Na sa kallabi na yi ta sharewa ina hawaye, mai kuwa sai ƙara bazuwa yake.

Kashegari da la'asar kiyashi sunka iso. Layi guda tun daga rufi, sun biyo igiya, sun cika ramin har yana motsi, ga kuma alamar haƙorin ɓera a ragaya. Daidai lokacin Baba ya shigo gaida mahaifiyarshi, yadda ya saba. Ya dubi rufi, ya dubi igiya. Bai tambayi kowa ba, ya kwance gita ya fita da ita.

Inna ta riga ta hura wutar tuwo. Ban san lokacin da na riga shi isa ba, sai na gan ni tsaye tsakaninshi da murhu, ni da ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarshi ba. Na ce: “Baba, amana ce.” Kaka ta fito da sandarta tana cewa ita ta shafa, in ƙonawa za a yi a fara da ita. Baba ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce da Inna: “Ba ni dusa.”

Ya zauna bisa buzu, ya kifa gita a cinya, ya yi ta bubbuga bayanta a hankali har kiyashin sunka zube. Ya damƙi dusa yana murzawa, dusar tana shan mai, yana zubarwa kaji suna tsincewa, ya sake damƙa. Ya zuba wata a ramin, ya girgiza, ya juye. Da ya kai ga tsagun, ya aike ni in ɗauko ƙaron da yake ajewa don tawada, ya jiƙa shi ya yi kauri, ya cusa da tsinke, ya danne da babban yatsa. “Icce na,” in ji shi, kamar da kanshi yake magana. “Icce kau na san shi.” Daga nan, wai don ya gani ko gyaran zai riƙe, ya murɗa kunne ɗaya, ya taɓa tsirkiya. Gita ta amsa, ƙara mai tsawo, a tsakiyar gidan da ba a taɓa jinta ba. Inna ta tsaya da muciya a hannu. Sai Kaka ta ce: “Ashe dai gidan ga an gaji kiɗi, ɓoyewa aka yi!” Baba ya miƙo mini gita da sauri kamar ta ƙone shi, ya ce in kai ta kafin ya sake shawara. Amma na ga gemunshi yana rawa, dariya yake ɓoyewa.

Illa ya dawo bayan kaka, ya iske ta lafiya, sai ɗan warin man shanu da bai taɓa barinta ba. Duk sun riga mu gidan gaskiya yanzu. Jikokina kiɗansu a cikin salula yake, in ta faɗi ta fashe su yar, su nemi wata. Ni dai ina kallonsu. Ba su san daɗin a ba ka abu ka riƙe shi da rai ba, har mai shi ya dawo.

Amma in na tuna zamanin, safiyar bayan dusar nan ce ke fara zo mini. Na iske sabuwar igiyar kaba a bakin ƙofarmu, tufkar Baba, ba wanda ya ce ga wanda ya aje. Na huda sakaina na zura igiyar a tsakiyarta don ɓera ya rasa hanya, na rataye Mai Dogon Wuya. Sannan na ɗauki kwalbar man Kaka, ko da babu komai ciki, na kai ta ɗakin Inna na ɓoye bayan randa, don kada a sake shafe gita.