Jan Zaren Baba Sannu-sannu

A ofishinmu na raba intanet babu mai kiransa da sunan yanka. Baba Sannu-sannu kawai, don ko gobara ta tashi abin da zai fara cewa ke nan. Shekara ashirin da uku ya yi a ɗakin na'urori, inda sanyi ke sa ƙashi ciwo, har ya zama da rigar sanyi yake fita cikin rana tsaka.

Hannunsa ya iya waya, amma biro kamar zai cije shi. Komai a kansa yake, sai kuma zaren ɗinki da yake kwasowa daga keken matarsa. Ya ɗaura wa waya fari, cire ta ba komai. Ya ɗaura ja, tambaye shi tukuna.

Ni ce injiniyar da aka turo ta sauya tsarin. A da kowace na'ura ita ke zaɓar wa saƙo hanya. A sabon tsari kwamfuta guda ce ke zaɓar wa kowa, kuma taswirar da aka ba ta kawai ta sani. Layin da ba ya taswira, a wurinta babu shi a duniya. A takarda aikin sati shida ne, kuma ni da rawar kaina na yi wa manaja alkawarin biyar.

Ranar da za a kashe tsohuwar na'ura ta ƙarshe, da hantsi, na bi wayoyin da taswira a hannu. Duk suka dace sai guda, a can ƙasa, da jan zare har ya koɗe.

"Baba, wannan ta ina ce?"

"Sannu-sannu, 'yata."

"Ba ta cikin taswira. Ƙarfe biyu zan kashe."

Ya cire tabarau yana gogewa, ya goge har na ƙosa. Sannan ya ce wayar wani ƙaramin asibitin haihuwa ce a bayan gari. Da ita ungozoma ke aika wa likita hoton ciki. Shi ya ja ta da kansa shekara tara da suka wuce, bayan ya nemi izini sau biyu an hana. Kayan asibitin kuma sun tsufa, ba za su hau sabon tsari ba.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce masa in na sa ta a taswira manaja zai gani, kuma shi Baba ya san abin da zai biyo baya. In na yi shiru, ƙarfe biyu layin ya mutu.

Ya ce, "'Yata ta fari a can ta rasu. Ana neman likita ya ga hoton, babu hanyar aikawa. Rubuta kawai. Ki sa sunana, kada a ce ke ce."

Na rubuta. Ban kashe na'urar ba.

Manaja ya yi faɗa kamar zai tsaga rufi, amma da aka ce asibiti ne bai iya cewa a yanke ba. Baba ne ya sha: aka sallame shi, saura shekara biyu ya yi ritaya. Bai yi musu ba. Ya naɗe rigar sanyinsa, ya ajiye mini ƙullin zaren a kan tebur.

Sati biyar ɗina yanzu sun shiga shekara ta uku. Kowa ya koma sabon tsari, tsohuwar na'ura kuwa tana nan a kusurwa tana gurnani saboda waya ɗaya. Duk taron da aka yi sai wani ya tambayi ranar kashe ta, ni kuma in ji bakina yana cewa sannu-sannu.

Watan jiya zaren ya tsinke don tsufa. Layin yana taswira, babu mai taɓa shi. Duk da haka na durƙusa na ɗaura sabo.