Ɗakin Hajiya da Takardun Ɗan Kwangila

Shekarun baya, mahaifiyata ta zame a matakalar bene a gidanmu na Nassarawa GRA, ƙashin ƙugunta ya karye. Bayan an yi mata aiki, likita ya ce ita da hawa bene kuma sai dai labari. Ga shi ɗakinta da banɗakinta duk a sama suke. Muka yanke shawarar a gina mata ɗaki mai banɗaki a jikin falo, kafin a gama kuma ta zauna wurin ƙanwata a Tudun Murtala.

Zaman nan shi ne tashin hankalinmu. Hajiya mace ce mai kunya irin ta mutanen da, a ce wai ta kwana a gidan surukinta? Ba ta cin abinci in yana gida, ba ta yarda a kama ta zuwa banɗaki sai ta ji fitar motarsa. Bawan Allahn nan har yini ya koma yi a waje don ta sake, amma duk ranar da na je sai na ga ta ƙara faɗawa. Bayan gaisuwa, magana ɗaya take yi min: "Yaushe zan koma gidana?"

Yayana yana aiki a ƙasar waje, shi ya sa wani Bature abokin aikinsa ya zana ɗakin, ya turo min. Ya kuma kafa min sharaɗi biyu a waya. Na farko, kada in ɗauki kowa sai mai lasisi. Na biyu, kada in yarda a canja ko layi ɗaya a zanen, domin a cewarsa daga "bari mu ɗan gyara nan" ake fara cutar mai gida. Na ce to, an gama. Sai da na ajiye wayar na tuna ban san yadda lasisin yake ba. Ni mai kantin magani ne, lasisin da na sani daban.

Na fara cigiya, 'yan kwangila suka fara sallama. Na farko ya kawo takardar rajistar kamfani, na karanta a tsanake na ga an rubuta sayar da kayan ofis da kujerun makaranta. Na ce, "Alhaji, ina ginin a nan?" Ya ce ai yana cikin "da sauransu". Na biyu ya zo da satifiket ɗin injiniya mai hatimi ja, amma sunan da ke jiki ba nasa ba ne. Ya ce na wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ai duk gida ɗaya ne. Na uku bai kawo komai ba sai hotonsa yana gaisawa da wani babban mutum, an sa masa gilashi.

Na kwashi kofen takardun na kai wa abokina da ya taɓa gini. Ya ce duk wannan shirme ne, takardar biyan haraji ake dubawa. Maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya ce a'a, takardar injiniya daban, ta magini daban, ta mai zane daban, kuma kowacce da hukumar da ke ba da ita. Na ce to wacce ce lasisin? Ya ce dukkansu. Na ce to wacce zan nema? Ya ce ya danganta. Wallahi na fito daga gidansa na tsaya a bakin ƙofa na manta inda na ajiye mota.

Ana cikin haka abokina ya tambaye ni ko na karɓi izinin gini. Ashe ni ma akwai takardar da ake nema a wurina! Na yi ta zarya har aka buga wa zanen hatimi. Shi ne abokin nawa ya ƙara min wani tsoron, ya ce tunda an buga hatimi, in aka kauce wa zanen da ko taku ɗaya, zan wayi gari in ga jan fenti a bango, a tsayar da aiki. Ban san ko haka abin yake ba, ban kuma tambayi kowa ba. Kaina ya riga ya cika.

Daga ƙarshe aka haɗa ni da wani injiniya, Kirista ɗan Zariya, dattijo mai magana a hankali. Ya buɗe fayil ɗinsa ya jera min komai: ga rajistar kamfani da gini a rubuce ɓaro-ɓaro, ga lasisinsa da sunansa da hotonsa, ga adireshin gidajen da ya gina in ina so in je in gani. Na ɗauki hoto na tura wa yayana, ya ce wannan ya yi. Na ji kamar an sauke min buhun siminti daga ka.

Ranar da za a fara haƙa, Injiniya ya shimfiɗa zanen a kan bonet ɗin motarsa ya ce, "Alhaji, akwai abu ɗaya a banɗakin nan da nake so mu canja."

Ina jin "canja" na ce a raina, yauwa, ga abin da aka faɗa min ya zo. Na ɗaga masa hannu. "Injiniya, don girman Allah a bi zane."

"Ka bari in nuna maka, minti ɗaya ne. In aka sa masan yadda yake a nan..."

"Na ji, na ji. A bi zane kawai."

Bayan kwana huɗu, da za a binne bututu, ya sake tare ni. Na ce ina sauri, na shige mota, har ina yaba wa kaina cewa ba a yi min wayo ba. Washegari ya miƙo min wata 'yar takarda da ya rubuta da hannu, ya ce tunda na ƙi a taɓa zanen, in karanta wannan in sa hannu. Ni da na yi wata guda ina karanta takardun mutane har da ƙananan rubutun ƙasa, na dafa bango na rattaba hannu, ko layin farko ban duba ba.

Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. An sa tayil marar santsi, an sa ƙarfen dafawa a bango, ƙofa mai faɗi yadda keken da ake tura Hajiya a kai zai wuce. Ranar Asabar da hantsi na je na ɗauko ta. Tun a mota take fara'a, har ta ce a tsaya a saya mata gurasa, ita da aka yi makonni ana lallashinta ta ci abinci.

Na tura ta cikin ɗakin, ta shafa labule, ta sa wa kowa albarka. Na buɗe banɗakin ina washe haƙora. Ta dubi masan nan na zama, ta dubi taga, ta sake dubansa. 

"Kai," ta ce, "ina gabas a gidan nan?"

Na nuna da hannu. Hannuna bai gama miƙewa ba na gane. Duk wanda ya zauna a masan nan, alƙibla zai fuskanta sak.

Na juya kan Injiniya, da ke tsaye a bakin ƙofa, da zafina, na ce ya aka yi haka? Sai ya zaro takardar nan daga fayil ya ba ni. Layi uku ne da Hausa: ya sanar da mai gida cewa masai zai kalli alƙibla, ya ba da shawarar a juya shi kudu, mai gida ya ce a bi zane. A ƙasa ga sa hannuna, ƙato, har da ƙawa.

Hajiya ta sa na karanta mata da ƙarfi. Ta ce wa Injiniya, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, kai ka yi naka." Sannan ta dube ni. "Baturen da ya zana bai sani ba. Wannan ba sallarmu yake yi ba, ya sani. Kai da aka haifa a gidan nan, kake sallah a falon nan tun kana shekara bakwai, kai ne ba ka sani ba?" Ta ce a mayar da ita mota.

Injiniya ya ce sai an fasa tayil an juya bututu, a bar siminti ya kama, kwana tara ke nan. Na tambaye shi maganar jan fenti, ya ce juya masai a cikin banɗaki ba ya taɓa bango ko girman gini, kuma da na saurare shi da tun farko ya yi min bayani.

Hanyar Tudun Murtala ba ta taɓa yi min tsawo irin na ranar ba. Da muka isa, ta hango motar surukinta a ƙofar gida, ta ce in wuce gaba in tsaya ƙarƙashin wata bishiya sai ya fita. Muka zauna a mota, gurasar tana kan cinyarta ba ta taɓa ba. A nan na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

Har yau in aka tambaye ni wace takarda ake nema wurin ɗan kwangila, ina cewa a nemi duk wadda ta kamata, a kuma tabbatar sunan mutum ne a jiki. Amma in ka gama tantance shi ka yarda ya san aikinsa, to in ya ce minti ɗaya, ka ba shi. Ni na hana minti ɗaya, mahaifiyata ce ta biya da kwana tara.

Tana nan a ɗakinta yanzu, lafiya lau, ta mayar da jikinta. In baƙuwa ta zo za ta yi sallah ta tambayi alƙibla ina wurin, Hajiya takan riga ni. "Kada ki tambayi wannan," in ji ta. "Kawo dardumar in nuna miki."