Burodin Masara a Romon Ganye

Shekarar da na yaye 'yata, ba abin da nake tsoro kamar sikelin asibiti. Yarinyar ta ƙi abinci. In na kai cokali bakinta sai ta datse leɓe ta kau da kai, kamar na zo mata da maɗaci. Wuyanta ya yi siriri, idanunta suka fito. Ita ce ta fari, kuma sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ko a nan ba zan kira sunanta ba.

Wata maƙwabciyarmu a Port Richmond, unguwarmu a nan Amurka, 'yar zangon Kumasi da ta girme ni sosai, ita ta ƙara mini fargaba. Ta ce, "Ƙanwata, nan ba gida ba ne. In yaro ya rame, rubutawa suke yi. Suna rubutawa suna rubutawa, wata rana sai ki ji ana buga ƙofa, an zo ɗaukarsa." Ta kuma ja mini kunne kada kowa ya ga ina ba yarinya abinci da hannu, wai za a ce ƙazanta ce, ko a ce ɗura nake mata. Ni da ko firamare ban gama ba, da me zan musa? Na sayi kujerar nan mai dogayen ƙafafu da ake ɗaure yaro a kai, da cokalin roba, da 'yan kwalaben abincin jarirai. Kullum dambe, ita kuka, ni kuka.

Babanta yana Canal Street yana sayar da huluna da jakunkuna. In na yi masa maganar sai ya ce, "Ke dai kin cika tsoro. In ta ji yunwa za ta ci." Shi ba ya ganin sikelin.

Ranar da nake son ba da labarinta, daga awo muka fito. Likitar ta dubi sikeli, ta dube ni, ta yi dogon rubutu. Rabin abin da ta faɗa ban gane ba, rubutun kawai na gani. Muka fito ana yayyafi, bas ta wuce a kan idona. Na raɓe a bakin wani ɗan shago ina gyara wa yarinya hula, sai ƙamshi ya buge ni: wake da ya nuna har ya fara fashewa, da kifi a cikin mai. Wallahi sai da na waiwaya, na ɗauka wata 'yar garinmu ce ta ɗora tukunya.

Wata tsohuwa ta ƙwanƙwasa gilashi daga ciki, ta yafito ni. Baƙar fata ce 'yar Amurka, gajeriya mai jiki, ta yi ɗaurin ɗankwali irin wanda gwaggona take yi in za ta shiga kicin. Na ji kunyar ƙi, na shiga.

Wurin bai fi falonmu girma ba. 'Yan tebura ne da aka shimfiɗa wa leda mai furanni, rediyo na waƙoƙin coci ƙasa-ƙasa, a bango ga hoton wani gidan katako a tsakiyar gona. Daga baya na san gidansu ne, can kudancin ƙasar, a wani ƙaramin gari da ta baro tun tana budurwa. Abincin yana jere a bayan gilashi, na tsaya ina kallo kamar wadda ta haɗu da danginta a tasha. Farin wake irin namu mai baƙin hanci. Kuɓewa da tumatir. Dankalin Hausa da ya sha sukari. Tarwaɗa da aka tsoma a garin masara kafin a soya. Ga kuma wani ganye mai duhu a tukunya biyu, ya dahu lugub yana iyo a romo.

Na nuna tukunyar da ta fi kusa da ni. Sunan alade da Turanci shi ne kalmar farko da maigidana ya koya mini a ƙasar nan, don haka na faɗe shi ina girgiza kai. Tsohuwar ta dubi mayafina, ta buge mini yatsa a hankali, ta rufe wannan tukunyar ruf. Ta buɗe ɗayar, ta sa ludayinta daban, ta ɗago wani dogon wuya mai ƙamshin hayaƙi. Da ta ga ban gane ba, sai ta kumbura kumatu ta yi kukan talotalo, wuyanta na rawa. Dariya ta ƙwace mini, wadda na daɗe ban yi ba.

Ta kawo ganyen da wake da wani burodin masara mai ruwan ƙwai, an yanka shi murabba'i, gefensa ya yi ƙauri kaɗan. Na fito da cokalin roba daga jaka, na ɗibi romo. Yarinya ta datse baki. Na sake, ta ture, romon ya zube a ledar teburin. Na fara gogewa da gefen mayafina ina ba da haƙuri, hawaye na son zubo mini.

Tsohuwar ta miƙe. Ta je famfo ta wanke hannu har gwiwa, ta jawo kujera, ta karɓi yarinyar ta ɗora a cinya. Ta gutsuri burodin, ta marmasa shi cikin romon ganye, ta cuɗa da yatsu uku har ya haɗu, ta dunƙula 'yar loma. Daidai yadda Inna take yi mana da tuwo. Ita da kanta ta fara ci, tana lumshe ido. Ta sake dunƙula wata, ta riƙe kawai, ba ta tura ba.

Ni kuwa ƙofa nake kallo, kada wani ya shigo ya gani. Sai na lura da wani dattijo a teburin gefe, cikin kayan direbobin bas, shi ma da yatsu yake cuɗa nasa, hankalinsa kwance.

Da na juyo, yarinyar ta buɗe baki.

Ta ci, ta sake buɗewa. Romo na bin haɓarta, ta kama yatsan tsohuwar tana tsotsa. Dattijon ya faɗi wani abu, tsohuwar ta mayar masa, suka kwashe da dariya. Ranar ban gane ba, amma tunda kusan kullum sai sun maimaita, daga baya kunnena ya kama. Cewa yake, "Ni tun yaushe nake zuwa nan, ba a taɓa ba ni a baki ba." Ita kuma ta ce, "Je ka nemo haƙoranka tukuna, tsohon banza."

Ta kamo hannuna ta tsoma a kwanon, ta ce, "Bebi, da hannun nan aka rene ki, ko ba haka ba?" Ni take kira Bebi, ba yarinyar ba. Ni kuma na riƙa kiranta Mama.

Da muka koma gida na jingine doguwar kujerar a bayan ƙofa, na shimfiɗa zane a ƙasa, na tuƙa tuwo da miyar kuɓewa. Ba zan ce nan take komai ya gyaru ba, wata rana ta ci, wata rana ta ƙi. Amma da muka koma awo, likitar ta yi ɗan gajeren rubutu, ta ja wa yarinyar kumatu.

Bayan nan, duk ranar awo sai mun biya wajen Mama. Tana hango mu za ta rufe waccan tukunyar, ko da ba kusa da ita muke ba. Na taɓa kai mata ƙosai, ta ci tana jujjuya shi, ta kasa yarda da waken nan nata aka yi. Lokacin sanyi gilashin shagon yakan yi gumi, yarinyar ta riƙa zane da yatsa a jiki, ni kuma in zauna kusa da tukwane ina jin ɗumi, ba mai tambayata komai.

Wata bazara muka je muka tarar da ƙofa a rufe, an manna takardu a gilashin. Yanzu wayoyi ake sayarwa a wurin. Dattijon direban nan, da na gamu da shi a bas, ya ce gwiwoyinta ne suka gaza, 'yarta ta zo ta mayar da ita kudu. Sunan garin da ya faɗa bai zauna mini a kai ba.

Na san cikin masu karanta wannan akwai 'yan'uwanmu masu tuƙa manyan motoci zuwa can kudu. In Allah ya haɗa ɗayanku da wata tsohuwa da ta taɓa sayar da abinci a Port Richmond, don Allah ku gaishe ta. Ku ce mata yarinyar nan tana nan a hannun uwarta, ta shiga makaranta, kuma tana cin abinci.