Faten Tsaki a Ɗakin Littattafai

A ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da damina ke ban kwana, na shiga ɗakin da nake ajiye littattafai a gidanmu na Limancin Kona, cikin birnin Zariya, domin in ɗauko wani juzu'i na fiƙihu da za mu buɗe da ɗalibai bayan Azahar. Ɗaki ne mai duhu ko da rana tsaka, kuma ba mai shigarsa sai ni. Tun daga bakin ƙofa na ji warin kyandir da aka kashe. Da idona ya saba da duhun, sai na ga an jawo wani akwatin katako zuwa kusurwa, an shimfiɗa masa farin ɗankwali. A kansa akwai guntun kyandir, da rawayan furen tafasa an barbaɗa, da kofin ruwa, da kwano rufe da faifai. A bayansu an jingine hoto da bango. Hoton 'yata ne, wadda ta rasu wajen haihuwa kafin azumin wannan shekarar.

Na karanta hukuncin sihiri a littattafai, na kuma sha jin yadda 'yan bori ke ajiye wa iskokinsu abinci a lungu, amma ban taɓa kawowa a raina zan ga irinsa tsakanin tafsiri da hadisi, a ɗakin da mahaifina ya yi karatu ba. Abin da ya fara zo mini shi ne wani maƙiyi ya yi mana sammu. Na nemi tsari da Allah, sannan na kira uwargida.

"Hajiya, zo ki ga abin da ke cikin gidanki."

Ta zo tana goge hannu da gefen zani. Ta daɗe tana kallon hoton kafin ta ce, "Wannan a ƙasan adakata yake." Ta ɗaga faifan. "Faten tsakin jiya ne. Shi na zuba wa yarinyar nan, ta ce a ɗaki za ta ci."

Yarinyar da take nufi jikarmu ce, 'yar marigayiyar, mai kimanin shekara bakwai, wadda aka kawo mana riƙo bayan rasuwar. Amarya nake kiranta, ita kuma ta ce ba ta auren tsohon da haƙoransa suka gudu suka bar shi. Da ta dawo daga makaranta na kama hannunta na kai ta bakin ɗakin.

"Amarya, wa ya koya miki wannan?"

"A Kongo muka gani, Malam. Makaranta ta kai mu kallo. Haka mutanen kan dutse suke yi."

"Waɗanne mutanen kan dutse? Na Kufena?"

"Ba na nan ba. Na can bayan teku."

Zan ƙara tambaya, Hajiya ta ƙifta mini ido, ta aiki yarinyar ɗauko buta. Da ta kauce, sai ta rage murya ta ce, "Malam, ka bi a hankali. Yarinyar nan fa ba ta san uwarta ta rasu ba. Ce mata muka yi tana asibiti a Kano."

Wannan ya fi kwanon faten girgiza ni. Ina zaure ina karantar da manya babin gaskiya, ashe a cikin gida watanni ke nan ana renon marainiya da abin da ba haka yake ba. Na faɗa mata haka. Ta ce, "Ni ba ƙarya na ɗauke shi ba, tausayi ne. Haka aka yi mini da tawa uwar, kuma ga ni na girma."

Washegari na hau tasi zuwa Kongo, reshen jami'a da ke wajen ganuwa. A wani babban ɗaki aka shirya baje kolin al'adu, domin yaran firamare. Wadda ta shirya shi matar wani malamin jami'a ce, mutuniyar ƙasar Meksiko, daga wata al'umma da ake kira Zafotek, mazauna ƙauyukan kan tsaunuka. Ta daɗe a Zariya, tana jin Hausa irin ta kasuwa. Ganin rawanina ta miƙe ta rusuna, ta ce in shigo.

A tsakiyar ɗakin an kafa bukka, wai kwatankwacin gidan da ta tashi a ciki. Na leƙa, na tsaya cik. Murhu ne na duwatsu uku, da faffaɗan kaskon yumɓu da suke gasa ƙullun masara a kai, da dutsen niƙa tare da ɗansa, da zangarniyar masara a rataye a rufi inda hayaƙi zai kore mata ƙwari. Ban da masaƙar da mata ke ɗaurawa a ƙugu, babu abin da ban sani ba a madafin mahaifiyata. Ga yaran Zariya sun yi layi, kowa na jiran ya durƙusa ya gwada niƙa, suna dariya kamar sun ga abin al'ajabi, domin su injin niƙa suka tarar.

A kusurwa kuwa ga wani tebur. Hotunan tsofaffi, kyandirori, rawayan furanni, burodi, kofin ruwa. Daidai yadda na gani a ɗakina, sai dai wannan ya fi girma.

Na tambaye ta ma'anarsa. Ta ce mutanensu sun yi imani cewa sau ɗaya a shekara matattu na dawowa gida ziyara, ƙamshin furen ne ke nuna musu hanya, shi ya sa ake ajiye wa kowa abincin da yake so. Ta ce tana gaya wa yara cewa al'adar mutanenta ce, ba ta nan ba. Na ce mata yaro ba ya jin wannan togaciyar, abin da ya gani shi yake ɗauka, kuma a addininmu wannan babban lamari ne. Na kwatanta mata jikata. Nan take ta gane ta.

"Ita ce ta tsaya bayan sauran sun fita," in ji ta. "Ta tambaye ni, idan mutum a asibiti ya mutu, zai gane hanyar gida? Kuma ta ce kada in gaya wa kakarta ta sani, wai kuka za ta yi."

Na yi sallama na fito. Har muka shigo ganuwa ban san ta wace ƙofa direban ya biyo da mu ba. Mu muna ɓoye wa yarinya mutuwa don tausayinta, ita tana ɓoye mana saninta don tausayinmu, kuma duk faɗin gidan malamai ba ta sami wanda za ta tambaya ba sai baƙuwa daga bayan teku.

Bayan La'asar na sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na zaunar da su biyun. Na ce, "Amarya, mahaifiyarki ba ta Kano. Allah Ya karɓi abinSa. Mun yi mata salla, mun kai ta makwancinta."

"Na sani, Malam," ta ce, tana wasa da bakin tabarma. "Na ga an raba zannuwanta. Mai zuwa asibiti ai da zaninta take tafiya."

Hajiya ta rufe fuska da mayafi. Yarinyar ta matsa ta jingina da ita, sai a lokacin nata kukan ya zo. Na bar su har suka lafa.

Sannan na yi mata bayani da kalmomin da za ta iya ɗauka: wanda ya rasu ba ya dawowa, ba ya ci, ba ya sha, ba ya bukatar fitila. Abin da ke isa gare shi addu'a ce da sadaka, kuma addu'ar ɗa ga mahaifiyarsa tana da matsayi na musamman.

"To faten fa? Tana sonsa."

"Ki kai wa mai rai ya ci, ladan ya tafi gare ta."

Akwai wata tsohuwa makauniya wajen Ƙofar Kibo, wadda ba ta da kowa. Na ambace ta. Yarinyar ta share hanci ta ce, "Ita ma ba ta da haƙora kamarka. Fate ya dace da ita."

Ranar Juma'a Hajiya ta dama fate da yakuwa, ni da kaina na raka yarinyar, tana ɗauke da kwanon a ka. A hanya ta tambaye ni ko mahaifiyarta za ta san daga wa ya fito, na ce Wanda zai isar da ladan Ya sani. Hoton ya koma adaka, amma Hajiya ta nuna mata inda mabuɗin yake. Akwatin katakon yana nan a ɗakin littattafai, da tabon kyandir a murfinsa, ban sa an kankare ba.