Mabuɗi a Jikin Ƙofar Nuala

Kafin hayaƙi ya tashi a kowane gida a ƙauyenmu na yammacin gundumar Mayo a ƙasar Ireland, Nuala Gaughan ta riga ta hura wuta, ta ɗora buta, ta kwaɓa burodi. Daga nan sai ta leƙa waje ta tabbatar mabuɗi yana nan a jikin ƙofa, ta waje. Haka iyayenmu suke yi, don kowa ya san gidan a buɗe yake, ya murɗa ya shiga. Yau duk mun daina, ni ma har da ni. Nuala kaɗai ta ƙi, ga shi ta haura tamanin.

Gidanta ne na ƙarshe kafin hanya ta shige fadama, don haka duk wanda ruwa ya yi wa duka a can yake ƙarewa: masu keke, masu tafiyar ƙasa da jaka a baya, direban da ya afka kwata garin kauce wa tumaki. Ba ta tambayar sunan baƙo sai ya ƙoshi. Fintan mai motar madara ya sha ganin yadda take yi da masu cewa sun gode.

"Ba na shan shayi, Baba."

"Ka ji shi! Kana rawar ɗari kamar ɗan tsako kana gaya mini ba ka sha? Zauna. Cire safar nan kafin ta kashe ka."

Shekarar da wasu iyalai masu yawo suka yada zango a bakin hanya, gari ya rufe ƙofa ya ja labule. Nuala ta ɗauki tukunyar dankali da man shanu ta ratsa tsakiyar ƙauye da rana tsaka, tana gaida kowa da sunansa, don kada wani ya ce bai gani ba. Mun ji kunya, kuma mun cancanta.

Ke ce kika ƙi yarda tsoro ya zama maigida a ƙauyen nan, Nuala. Ke ce mai butar da ba ta hucewa.

Bara ɓarayi suka shiga gidan wani tsoho a ƙauyen gaba. Ɗanta Cathal ya taso daga birnin Galway a fusace, da kafinta da sabon makulli mai nauyi.

"Mam, zaɓi ɗaya. Ko ki riƙa kullewa, ko ki haɗa kaya mu tafi Galway."

"In yi me a Galway? In zauna a taga ina kallon motoci?"

"Za a kashe ki wata rana!"

"To wanda ya zo kashe ni ma ya sha shayi tukuna, hanyar da nisa."

Ta yaba makullin, ta cika kafinta da burodi, ta raka su har mota. Ba su kai kwanar hanya ba ta soka sabon mabuɗin a ƙofa ta waje.

Cikin hunturu, wata safiya, ta zame a gaban murhu ta karye a ƙugu. Waya tana can ɗaki, ba halin rarrafe. Wuta ta mutu, sanyi ya fara shigarta. Can wajen azahar wata matafiya 'yar Poland ta tsaya da kekenta neman mafaka. Ta ƙwanƙwasa, shiru. Ta ga mabuɗi, ta yi ta wasi-wasi, sannan ta murɗa.

A asibiti Cathal ya zauna gefen gado idanunsa jawur.

"Yanzu dai magana ta ƙare, Mam. Galway."

"Da na bi maganarka, yau ramin kabari kake nema mini. Bar wannan. Yarinyar da ta same ni, wa ya ba ta shayi?"

"Mam, motar asibiti muke ta..."

"Babu wanda ya ba ta? A gidana? Baƙuwa ta shiga ta fita da bushasshen baki! Ka nemo min ita."

Ya nemo ta kuwa. Da bazara yarinyar ta dawo, ta ci burodi har ta roƙi a ƙyale ta. Ranar da aka sallami Nuala, Fintan yana wucewa ya ga Cathal ya shigar da uwarsa tana dogara sanda, ya fito zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa da mabuɗi a hannu. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya soka shi a ƙofar ta waje da kansa, ya shiga mota bai waiwaya ba.

Mun gode, Nuala, da taurin kanki. Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar hayaƙin nan yana tashi. Mu kuma da muka sa sakata biyu muna leƙen baƙo ta labule, ba a ce kowa ya iya irin nata ba. Amma buta dai kowa yana da ita. Idan kun biyo hanyar fadama ruwa ya kama ku, kada ku ɓata lokaci wajen ƙwanƙwasawa, kunnenta ya yi nauyi. Ku murɗa kawai.